Takwas da Bakwai

Laraba, 21 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma, Maraɗi

Tun a bakin ƙofa suka karɓe mana salula. Wannan kaye, littafin rubutuna, kaɗai suka bar mini, sun ɗauka na waƙoƙin majami'a ne.

Mu takwas ne a gidan nan, gidan wani ɗan kasuwa da ban taɓa gani ba. Dukanmu kwansaye ne, wato kansilolin gari, biyar na jam'iyyarmu ta Rumbu, uku na 'yan Ƙwarya da muka ƙulla ƙawance da su. 'Yan Garma suna da bakwai, an ce su ma an kwashe su an ɓoye can wajen garin Ɗan Issa. Ran Asabar za a mai da mu Madarumfa mu zaɓi magajin gari. Kafin nan ba shiga ba fita, kada a saye wani. Ɗan Azumi, ɗan takararmu, ya faɗa ya fi sau goma yau: takwas ta fi bakwai, in dai kowa ya tsaya inda yake.

Ni kaɗai ce ba na azumi. Da rana aka kawo mini shinkafa, na ci a bayan ƙyaure kamar na sato.

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a matarnite. Na ajiye aiki, na koma noman ganyen salati a bakin tabki, ba ruwana da kowa. Ɗan Azumi ne ya zo har gida bara. Abokin maigidana marigayi Ishaya ne tun suna kiwon awaki, shi ya kama makarar mijina ranar da muka kai shi, bai damu da abin da mutane za su ce ba. Ya ce, "Mama Saloma, rabin garin nan a hannunki suka faɗo. Ki shigo cikinmu. In Allah ya ba mu, ke ce mataimakiyar magajin gari ta biyu." Ban roƙa ba. Shi ya faɗa, har sau uku.

Alhamis, 22 ga Afrilu, sha ɗaya na safe

Kaina kamar zai tsage. Maganin hawan jinina ya ƙare, ban lura ba sai yau.

Nasiru ne ya gan ni riƙe da kai. Shi ne ƙarami a cikin kwansayenmu, tela ne, ni na karɓi haihuwarsa, na kuma karɓi ta 'ya'yansa uku. Ya je ya yi ta roƙon mai gadi har ya bar shi ya fita farmasi. Ya daɗe, ya kai awa guda. Ya dawo jiƙe da gumi, ga azumi a bakinsa, ya ce ta farko a rufe take, sai da ya taka har kusa da babbar kasuwa.

Ya ce, "Mama, kayanki na ran Asabar na gama su tun kahin mu taho. Suna wurin mai ɗakina Jamila. Sai an ce daga Yamai aka aiko da su."

Na ce Allah ya yi masa albarka.

Juma'a, 23 ga Afrilu, bayan sun dawo daga sallah

An zauna rabo a tsakar gida. Lawali, shugaban 'yan Ƙwarya, ya ce shi bai yarda da tsohuwar magana ba. Su uku ne, amma ba su, ba takwas. Mataimaki na ɗaya bai ishe su ba, duka biyun suke so, in ba haka ba ƙofa a buɗe take.

Ina zaune nan a kan tabarma, tsakanina da Ɗan Azumi bai fi taku biyu ba. Ya shafa gemu, ya ce, "To, ku ɗauka. Mama ba ta da matsala. Ita ba muƙami ya kawo ta ba."

Bai dube ni ba. Ko da gefen ido.

Kowa ya hau yabo. Mama uwa ce, Mama ta fi ƙarfin wannan. Na ce, "Ba komai." Ni da bakina na faɗa.

Sai aka shigo da wani malami da Alƙur'ani a naɗe cikin buzu. Su bakwai suka yi alwala, kowa ya dafa, ya rantse Ɗan Azumi zai zaɓa, in ya saɓa kada Allah ya bar shi. Da aka zo kaina Lawali ya ce a nemo nawa Littafin. Ɗan Azumi ya ɗaga hannu.

"Shekara arba'in na san gidan Ishaya. Ba a rantsuwa a gidan nan, kuma ba a ƙarya. Mama, kina tare da mu?"

Na ce, "Ina tare da ku."

Asabar, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Takwas da bakwai. Alhaji Ibrahim na 'yan Garma ne magajin gari.

Asabar, dab da magariba

Na cire kayan da Nasiru ya ɗinka na sa a ƙasan akwati. Sun yi kyau ƙwarai.

Takardu biyu aka ba kowa, fara ta Ɗan Azumi, shuɗiya ta Alhaji Ibrahim. Ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, ka jefa ɗayar a kwali rufaffe. Ba wuta a zauren, fanka a tsaye. Da aka zo ƙirga sai da aka kai bakwai da bakwai, ambulan ɗaya ya rage a hannun wakilin perfe, jami'in gwamnati mai kula da zaɓen. Ya buɗe a hankali. Shuɗiya.

Ɗan Azumi ya cire hularsa ya dubi cikinta, ya mayar.

Kafin a dawo daga hutun rabin awa, Lawali ya riga ya gama da 'yan Garma. Ya karɓi mataimaki na ɗaya, su suka riƙe na biyu. Mu biyar ko kujerar shugaban kwamiti ba mu samu ba. A waje makaɗan da aka ɗauko don Ɗan Azumi suka juya suka bi motar Alhaji Ibrahim.

Ƙuri'a sirri ce. Haka doka ta ce.

Lahadi, 25 ga Afrilu, tsakar rana

Pasto Daniyel ya yi mini addu'a a gaban jama'a. Ya ce a tuna da Mama Saloma da abokan tafiyarta waɗanda aka ci amanarsu. Kowa ya ce amin. Da aka tashi waƙa na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Litinin, 26 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An kira mu biyar a zauren Ɗan Azumi, tare da dattawan jam'iyya. Tambaya ɗaya ce: wane ne?

An fara da 'yan Ƙwarya, aka ce a'a. Mataimaka biyu ne a hannunsu, sun koma da ɗaya, ba wanda zai yi wa kansa haka. To, a cikinmu ne. Sai wani dattijo ya ce, "Mu daina kewaye-kewaye. Wa ke da kawu a Garma? Wa ya hita daga gidan Maraɗi?"

Alhaji Ibrahim ƙanin uwar Nasiru ne. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa damuwa sai yau.

Nasiru ya miƙe tsaye. "Magani na je saye wa Mama! Ga ta nan, ku tambaye ta."

Na ce gaskiya ne, ni na aike shi.

"Farmasi awa guda?" in ji dattijon.

Nasiru ya ce a kawo Alƙur'ani yanzu ya sake dafawa. Aka ce wanda ya karya ta fari, mi zai hana shi karya ta biyu? Ya dubi Ɗan Azumi. Ɗan Azumi ya ce, "Tahi, Nasiru. Tsakaninka da abin da ka dafa."

Na faɗi abin da aka tambaye ni. Ban yi ƙarya ba. An tambaye ni magani, na amsa magani.

Laraba, 28 ga Afrilu, da safe

Na shayar da salati. Ruwan tabki ya ja baya sosai.

Alhamis, 29 ga Afrilu, ƙarfe uku

Yau da rana tsaka amalanken jaki ya tsaya a ƙofar shagon Nasiru da buhun sukari da na gero. Daga kawunsa. Ashe su ma 'yan Garma ba su san wanda ya ba su ba, sun ɗauka shi ne. Nasiru ya kori mai amalanken har yana jifarsa da takalmi. Amma kasuwa duka ta gani.

Asabar, 1 ga Mayu, da hantsi

Na bi ta gaban shagon. A irin wannan lokaci na azumi, bara, ba ka ganin Nasiru don tulin yadin Sallah. Yau na ga wata mata tana fitowa da atamfarta a hannu, an yanka ba a ɗinka ba. Igiyar da yake rataye kaya babu komai sai riguna biyu.

Ya gan ni, ya taso da sauri. "Mama, ina wuni? Ya jikin? Kina shan maganin?"

Na ce ina sha.

Ya ce a masallaci jiya mutumin da ke damansa ya matsa, ya bar fili tsakaninsu. Ya faɗa yana murmushi, kamar labarin wani yake ba ni. Ya ce, "Ke kaɗai ke tsayawa ki gaishe ni cikin 'yan jam'iyya."

Lahadi, 2 ga Mayu

Ban je majami'a ba. Na aika cewa kaina ne.

Talata, 4 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Ƙuri'a sirri ce. Ba wanda ya saye kowa. Mulkin shekara biyar ne kawai, zai wuce. Mutane suna mantuwa, kafin damina sun kama wani zancen.

Na rubuta waɗannan don in karanta su in ji ko sun zauna. Ba su zauna ba.

Alhamis, 6 ga Mayu, bayan azahar

Jamila matar Nasiru ta zo da gudu, Fati a kafaɗa, 'yar wata bakwai. Zawo da amai tun jiya, maɗigar kanta ta faɗa, idanu sun shige. Na haɗa ruwan gishiri da sukari ina ɗura mata da cokali, na ce maza a nemo mai babur, wannan sai an ƙara mata ruwa. Muka tafi asibiti tare. Sun sa mata ruwa leda biyu. Wajen la'asar ta kama nono.

Muna zaune a baranda Jamila ta ce, "Mama, kin san abin da ake cewa? Wai rantsuwar ce ta fara ci. Wai da ƙarami take farawa."

Na ce zafi ne da ruwan randa, yara goma na gani haka a makon nan.

"Innata ta ce in kwashe yara in koma Safo kahin ta kai kan sauran." Ta gyara wa yarinyar zane. "Kwana tara ban yi mishi magana ba, sai in ajiye abinci in tashi. Mama, ke kina wurin. Ke ba ki ƙarya. Don Allah, shi ne?"

Na ce, "Ban sani ba, ɗiyata."

Alhamis, da magariba

Wannan ita ce ƙarya ta farko da baki. Sauran duk da shiru na yi su.

Juma'a, 7 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta sau ɗaya.

Ni ce. Ni na sa shuɗiya.

Ba wanda ya zo wurina, ba wanda ya ba ni komai. Alhaji Ibrahim ko gaisuwar kirki ba ma yi. Na shiga bayan labulen nan da farar takarda a hannun dama, har na kai ta bakin ambulan. Sai na ji muryarsa: Mama ba ta da matsala. Na tuna na riga na gaya wa ɗiyata Jinƙai, na gaya wa matan lambu cewa za su sami mai yi musu magana a ciki. Na tuna shekara talatin da ɗaya ana tashina ko ina cin abinci, ana cewa Mama ba ta da matsala. Da ya ja ni gefe ya ce, Mama, an matsa mini, ki yi haƙuri, wallahi da na ba shi da hannu biyu. Juyowa kawai nake so ya yi ya dube ni.

Kwana biyu ina gaya wa kaina ban san abin zai kai haka ba. Ƙarya ce. Na iya lissafi. Na san takwas in an cire ɗaya.

Abin da ban lissafa ba shi ne za a nemi wanda za a ɗora wa. Kuma ni ce kaɗai ba za a taɓa nema ba.

Asabar, 8 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na kira Jinƙai a Maraɗi na gaya mata. 

Ta ce, "Mama, gida nawa ne mu a garin nan? Bai kai goma sha biyar ba. Abu ɗaya muke da shi, ana cewa Kirista ba ya cin amana. Shi ya sa ba a sa ki rantsuwa ba. In kika faɗa, ba Saloma za a ce ba, mu duka za a ce. Ki bar shi tsakaninki da Ubangiji."

Na ce, Nasiru fa?

Ta ce, "Namiji ne, zai jure."

Ni na raine ta. Ban san inda ta koyi wannan ba. Wataƙila na sani.

Litinin, 10 ga Mayu

An sallami Fati. Nasiru yana neman wanda zai kai masa keken ɗinki Jibiya bayan Sallah. Ya ce can ba wanda ya san shi.

Talata, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Na je wurin Ɗan Azumi. Yana zaune shi kaɗai a zaure, zauren da wata guda da ya wuce ba ka samun wurin ajiye takalmi. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi lambu, ya tambayi Jinƙai.

Na ce, "Baban Zainabu, magana na zo da ita. Ba Nasiru ba ne. Ni ce na jefa wa Alhaji Ibrahim."

Ya dube ni. Yau kam ya dube ni sosai. Sai ya yi wata 'yar dariya, idanunsa suka kawo ruwa.

"Allah sarki, Mama. Haka Ishaya yake, ya ɗauki kayan wani ya aza a kansa. Don kin ga ɗiyarshi ta yi ciwo? Ki bar yaron nan ya girbi abin da ya shuka."

Na ce wallahi ni ce. Ni da ba na rantsuwa, na ce wallahi. Na gaya masa dalili, na maimaita masa maganarsa ta ran Juma'a kalma-kalma.

Ya ce, "Na faɗi haka? To, ai yabo ne." Ya girgiza kai. "Ko garin nan duka ya taru ya ce ke ce, ba ni yarda. Kada ki ƙara faɗin wagga magana a wani wuri, sai a ce tsufa ya fara taɓa ki."

Ya sa aka kawo mini ƙwai da 'yar zabuwa na Sallah. Na karɓa. Ban san yadda ake ƙin karɓa ba.

Ranar Sallah, da rana

Ana ta aiko mini da tuwo da nama kamar kowace shekara. Kwano bakwai. Har da na gidan Nasiru.

Asabar, 15 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Na sami Nasiru a shago yana cire kan keken ɗinki daga teburinsa. Ya jawo mini benci. Ban zauna ba. Na faɗa masa a tsaye, ban yi dogon bayani ba.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye abin kwance ƙusa a hankali.

"Na yarda," ya ce.

Na ce Ɗan Azumi bai yarda ba.

"Shi yana da zaɓi. Ni na san ba ni ba ne. Kwana ashirin ina bin mutum shida ɗaya-ɗaya a raina, har na fara zargin kaina, ko takardun ne suka rikice mini a hannu. Ke kaɗai ban taɓa sawa a lissahi ba." Ya ɗago kai ya dube ni. "Ranar da aka tsai da ni a zaure, kina nan zaune, Mama."

Na ce ina nan.

"Ranar da Jamila ta tambaye ki a asibiti fa? Ta gaya mini ta tambaye ki."

Na ce haka ne.

Na ce zan faɗa a zaman kwansaye na farko, a gaban kowa, a rubuta. Ya ce in na ga dama. Ya ce rabin mutane za su ce rufa masa asiri nake yi, sauran rabin su ce mu biyu ne. Ban ce ya yafe mini ba, shi ma bai kawo zancen ba.

"Abu guda nike so. Ki shiga ciki ki gaya wa Jamila. Da bakinki."

Na shiga. Tana tankaɗe a gindin darbejiya. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora mini Fati a cinya, ta ce in ga yadda ta murmure. Yarinyar ta kama ɗan yatsana tana kai wa baki. A haka na faɗa mata, tun daga gidan Maraɗi har barandar asibiti.

Ta saurara har na gama. Ta goge garin hannunta a zane, ta sunkuya ta ɗauke Fati daga cinyata, ta goya ta, ta ɗaure goyon sosai.

Ta ce, "Rana ta take, Mama. Ki tahi gida kada zahi ya kama ki."

Ina neman takalmina na ji ta nufi ƙofar da ke shiga shago. Ta tsaya a bakin ƙofar, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baban Fati, bar keken nan haka. Zo ka ci abinci tun da zahinshi."

Na fito ni kaɗai. Ba wanda ya raka ni bakin ƙofa.